Inda ake cin zaɓen majalisar Amurka tun kafin ranar zaɓe

Duk bayan shekara biyu, a farkon watan Nuwamba, Amurkawa kan zaɓi 'yan Majalisar Wakilai su 435 baki ɗaya, da kashi ɗaya cikin uku na sanatoci 100. Sai dai kujerun wakilan da ake gwabzawa a kansu da gaske ba su cika wuce 40 ba. Sauran kusan 400 an san jam'iyyar da za ta ɗauke su tun kafin a buga takardar ƙuri'a, kuma cikin 'yan majalisa goma masu neman komawa, tara ko fiye sukan koma. Daga nan masu ra'ayin sauyi na Amurka suke fara lissafinsu, kuma wanda bai gane wannan ba zai daɗe yana mamakin yadda ƙasar ke yin zaɓe mai zafi amma dokokinta na tafiya da nawa.

Masu ra'ayin sauyi su ne ɓangaren hagu na jam'iyyar Dimokurat da abokan tafiyarsu, irin su Sanata Bernie Sanders da Sanata Elizabeth Warren da Alexandria Ocasio-Cortez da Ilhan Omar da Rashida Tlaib. Suna da ƙungiya a cikin majalisa tun 1991, mai mambobi kusan 100. Abin da suke nema sananne ne: inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa, ƙarin mafi ƙarancin albashi, ƙarin haraji kan manyan attajirai, ƙarfi ga ƙungiyoyin ƙwadago, da gindaya sharuɗɗa kan makaman da ake bai wa Isra'ila.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce abin da ke faruwa idan an kai wa jama'a tambaya kai tsaye ba tare da sunan jam'iyya ba. A 2020, ranar da Donald Trump ya ci jihar Filorida, a ranar ce kusan kashi 61 cikin 100 na masu zaɓen jihar suka amince a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa. Misuri, wadda Trump ya ci da tazara a 2024, ita ma ta amince da dala 15 da hutun rashin lafiya mai albashi. Jihohin Rifablikan irin su Aidaho da Yuta da Nebaraska da Oklahoma sun faɗaɗa inshorar lafiyar talakawa ta hanyar ƙuri'ar jama'a bayan 'yan majalisunsu sun ƙi. Amma mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 tun 2009. Da Sanders ya kawo batun dala 15 gaban Majalisar Dattawa a watan Maris na 2021, sanatoci 42 ne kawai suka goyi baya, 58 suka ƙi, har da takwas daga ɓangaren Dimokurat. To me ke shiga tsakanin abin da jama'a ke so da abin da majalisa ke yi?

Taswira

Bayan kowace ƙidayar jama'a, wato duk shekara goma, ana raba kujeru 435 tsakanin jihohi gwargwadon yawan mutanensu. Bayan ƙidayar 2020, kowace mazaɓa tana da mutum kimanin 760,000. Amma a yawancin jihohi, majalisar dokokin jihar ce ke shata iyakar mazaɓun. Ke nan jam'iyyar da ke riƙe da majalisar jiha ita ke zaɓen waɗanda za su yi zaɓe a kowace mazaɓa.

Dabarar kashi biyu ce, cusawa da warwatsawa. Ɗauki jiha mai masu zaɓe 100 da mazaɓu biyar, kowace da mutum 20. Jam'iyya ta farko tana da magoya baya 55, ta biyu 45, amma ta biyun ce ke riƙe da alƙalami. Sai ta cusa magoya bayan abokiyar hamayyarta 36 cikin mazaɓu biyu, inda za su ci da 18 da 2 a kowace. Sauran 19 sai ta warwatsa su cikin mazaɓu uku da suka rage, inda ita take da mutum 41. Ta ci uku ke nan cikin biyar da ƙuri'a 45 cikin 100, babu satar akwati, babu aringizo. A yau ana yin wannan aiki da kwamfuta, ana haɗa rajistar masu zaɓe da sakamakon kowace rumfa da bayanan ƙidaya, har a iya raba unguwa ɗaya gida uku.

Rifablikan sun gane muhimmancin abin kafin abokan hamayyarsu. A 2010 sun zuba kuɗi a zaɓen majalisun jihohi da gangan domin su riƙe alƙalamin a 2011. A zaɓen 2012 'yan takarar Dimokurat sun fi na Rifablikan da ƙuri'a sama da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar, amma Rifablikan suka samu kujeru 234, Dimokurat 201. A Fensilbaniya Dimokurat sun fi yawan ƙuri'a, amma kujeru 5 suka samu cikin 18. Karolina ta Arewa ta fi ko'ina nuna abin a fili. Da taswirar da kotu ta shata aka yi zaɓen 2022, aka tashi 7 da 7. Alƙalan kotun ƙolin jihar suka canza, majalisar jiha ta sake shata taswira, a 2024 aka tashi Rifablikan 10, Dimokurat 4. Kujeru uku ke nan suka sauya hannu, a shekarar da Rifablikan suka riƙe Majalisar Wakilai da 220 da 215. Mai son lissafi ya cire uku daga 220 ya ƙara a kan 215.

Gaskiya ta sa a faɗi cewa Dimokurat ma suna yi inda suke da iko. A Ilinoyi suna riƙe da kujeru 14 cikin 17, kuma taswira ce ta ba su wannan tazarar. Wani ɓangaren matsalar kuma ba ta alƙalami ba ce: magoya bayan Dimokurat sun taru a manyan birane, sun cusa kansu da kansu.

Kotun Ƙoli ta rufe ƙofar da ake sa ran gyara zai fito. A 2019, da alƙalai 5 da 4, ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin sauraron ƙarar taswirar da aka shata don fifita jam'iyya. Tun a 2013 ta riga ta rushe sashen dokar 'yancin zaɓe ta 1965 da ke fayyace jihohin da dole su nemi izinin tarayya kafin su canza dokar zaɓe, yawancinsu jihohin kudu masu tarihin hana baƙar fata jefa ƙuri'a. Nasara guda mai girma ta zo a 2023, lokacin da kotun ta tilasta wa Alabama samar da mazaɓa ta biyu da baƙar fata za su iya zaɓen wanda suke so, kuma Shomari Figures ya ci ta a 2024.

Majalisar Dattawa tata matsalar a cikin tsarin mulki take. Kowace jiha sanata biyu, ko Wayomin mai mutum ƙasa da 600,000, ko Kalifoniya mai miliyan 39. Birnin Washinton ya fi Wayomin jama'a, ba shi da sanata ko ɗaya. Sannan ƙa'idar majalisar ta ce yawancin ƙudurori na buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara, don haka sanatoci 41 na iya kashe abin da 59 ke so. A watan Janairu na 2022 dokar da za ta hana shata mazaɓu na son kai ta mutu a nan, bayan Joe Manchin da Kyrsten Sinema, dukansu 'yan Dimokurat a lokacin, sun ƙi yarda a sassauta ƙa'idar.

Fidda gwani da kuɗi

Idan mazaɓa ta zama ta jam'iyya ɗaya, zaɓen gaske ya koma na fidda gwani. A Amurka talakawan da suka yi rajista ne ke jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani, babu daliget, amma kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke fitowa. Wannan ƙarancin fitowa shi ne ƙofar da masu ra'ayin sauyi suka bi. A watan Yuni na 2018 Ocasio-Cortez, mai shekara 28, ta kayar da Joe Crowley, na huɗu a shugabancin Dimokurat a majalisar, a wata mazaɓa ta Niyok. Ƙuri'un da aka jefa duka ba su kai 30,000 ba, tazarar kuma kimanin 4,000 ce. Ba a kan talabijin aka ci wannan zaɓe ba, ƙofa-ƙofa aka bi. A 2020 Jamaal Bowman ya kayar da Eliot Engel a Niyok, Cori Bush ta kayar da Lacy Clay a Misuri, duk ta wannan hanya.

Ƙofar da suka shiga ta nan aka biyo su. Mutum ɗaya ba zai iya bai wa ɗan takarar tarayya fiye da dala 3,500 a zaɓe ɗaya ba a zangon 2025 zuwa 2026. Amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 da ya buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyi hanyar kashe kuɗi a siyasa, ana kafa asusun kamfen na gefe, wanda zai karɓi kuɗi ba iyaka, ya kashe ba iyaka, muddin a hukumance bai haɗa baki da ɗan takara ba. A 2024 asusun da ƙungiyar AIPAC mai kare muradun Isra'ila ta kafa ya kashe kimanin dala miliyan 15 don kayar da Bowman, abin da ya sa wannan ya zama zaɓen fidda gwani na Majalisar Wakilai mafi tsada da aka yi zuwa lokacin, sannan ya kashe sama da miliyan 8 a kan Bush. Dukansu sun soki yaƙin Gaza, dukansu sun faɗi. Abin lura, tallace-tallacen da aka biya da kuɗin ba su cika ambaton Gaza ba. Sun fi magana kan cewa mutanen biyu sun jefa ƙuri'ar ƙin dokar gina tituna da gadoji ta Joe Biden. Dukansu suna da nasu raunin da abokan hamayya suka samu, ba za a ce kuɗi kaɗai ya kayar da su ba. Amma saƙon ya isa kunnen sauran 'yan majalisa. Masu harkar kuɗin intanet na kirifto sun yi irin haka, suka kashe kimanin dala miliyan 40 a Ohayo inda Sanata Sherrod Brown ya faɗi. Elon Musk shi kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 250 a zaɓen 2024.

Akwai ɓarnar da ba a gani. A 2013 an fallasa jadawalin da jam'iyyar Dimokurat ta bai wa sababbin 'yan majalisarta, inda aka ware awa huɗu a kullum don buga wa masu ba da gudummawa waya. Wanda yake yini yana sauraron masu iya ba da dubban daloli, damuwarsu ce za ta cika masa kunne.

Amsar masu ra'ayin sauyi ita ce ƙananan gudummawa ta intanet, irin wadda Sanders ya yi kamfen da ita a 2016 yana alfahari da matsakaicin dala 27. Hanyar ta yi aiki, amma tana da nata ciwon: kuɗin na bin fushi ne, ba lissafi ba. A 2020 Amy McGrath ta tara kimanin dala miliyan 90 don kayar da Mitch McConnell, jagoran Rifablikan a Majalisar Dattawa a lokacin, a Kentaki, ta faɗi da tazarar kusan kashi 20. Jaime Harrison ya tara sama da miliyan 100 a Karolina ta Kudu, ya faɗi da kashi 10. Kaɗan daga wannan kuɗi da ya isa ya juya kujerun majalisun jihohi da dama a shekarar da za a sake shata taswira.

Yadda jarida ke kallon abin

Ƙorafin masu ra'ayin sauyi kan manyan kafafen labarai shi ne suna ba da labarin zaɓe kamar mai ba da labarin sukuwa, wane doki ke gaba, wanne ya gaji, ba a cewa komai kan abin da zai samu mutane idan wannan ko wancan ya ci. Binciken Thomas Patterson na Jami'ar Harvard kan zaɓen 2016 ya nuna kimanin kashi 42 na rahotanni kan wa ke gaba ne, kashi 10 kawai kan manufofi. Wani nazarin ya gano cewa cikin kwana shida jaridar New York Times ta buga labaran saƙonnin imel na Hillary Clinton a shafin farko daidai yawan waɗanda ta buga kan dukkan manufofi cikin kwana 69 kafin zaɓe. Zuwa watan Maris na 2016 an ƙiyasta lokacin da kafafe suka bai wa Trump kyauta ya kai darajar kusan dala biliyan 2, kuma shugaban tashar CBS na lokacin, Les Moonves, ya faɗa da bakinsa cewa abin mai yiwuwa ba alheri ba ne ga Amurka amma alheri ne ga CBS.

Dalilin kasuwa ne kafin ya zama na ra'ayi. Sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi labari ne mai arha, sabo kullum, kuma ba wanda zai zargi ɗan jarida da son kai don ya karanta lamba. Bayanin abin da dokar haraji za ta yi wa ma'aikaci yana cin lokaci da ƙwarewa, kuma dole a ƙarshe a ce wani ya faɗi gaskiya wani bai faɗa ba. Sai a kauce, a ce wannan ya ce, wancan ya ce. Lambar ma takan yaudari mai karatu. Idan an ce kuskuren ƙuri'ar jin ra'ayi kashi 3 ne, to a kan kowane ɗan takara ne, a kan tazarar da ke tsakaninsu ya kusa ninki biyu, don haka 48 da 46 ba ya nuna kowa na gaba. A 2022 kafafe sun shafe makonni suna shelar guguwar Rifablikan. Da aka ƙirga, 222 da 213 aka tashi a Majalisar Wakilai, Dimokurat kuma suka ƙara kujera ɗaya a Majalisar Dattawa.

Zaɓen 'yan majalisa ya fi shan wahalar wani abu daban, mutuwar jaridun gari. Amurka ta rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta tun 2005, kuma gundumomi fiye da 200 ba su da kafar labarai ta gida ko ɗaya. Inda babu ɗan jaridar da ke bin yadda wakili ke jefa ƙuri'a a majalisa, mai zaɓe ba shi da abin dubawa sai tambarin jam'iyya da tallan da asusun gefe ya biya. Tashoshin talabijin na gari kuma sun taru a hannun kamfanoni kaɗan. A 2018 an haɗa bidiyon masu karanta labarai na gomman tashoshin kamfanin Sinclair suna karanta rubutu ɗaya kalma da kalma, wanda hedikwata ta aiko. A watan Oktoba na 2024 Jeff Bezos ya hana jaridarsa Washington Post bayyana goyon bayanta ga Kamala Harris, sama da mutum 200,000 suka janye rajistarsu. Bayan zaɓe tashar ABC ta biya dala miliyan 15, Paramount mai CBS ta biya miliyan 16, don sasanta ƙararrakin da Trump ya shigar a kansu.

Wannan ya taɓa mu da ke wajen Amurka ta hanyoyin da ake iya ƙirgawa. A watan Yuli na 2025 majalisar ta janye kimanin dala biliyan 9 da ta riga ta ware, kusan biliyan 8 na tallafin ƙasashen waje, biliyan 1.1 na gidajen rediyo da talabijin na al'umma. Ƙuri'a 216 da 213 ce ta zartar da shi a Majalisar Wakilai, 51 da 48 a ta Dattawa. Babbar dokar haraji ta wannan watan, wadda ta sa harajin kashi 1 kan kuɗin da ake aikowa gida daga Amurka idan da tsabar kuɗi aka biya, ta wuce da 218 da 214. Tazarar da ta kai haka ƙanƙanta, taswirar jiha ɗaya ta isa ta samar da ita.

Akwai inda bayanin masu ra'ayin sauyi ya gaza, kuma ya kamata su riƙa faɗa. A 2024 Trump ya ci ƙuri'ar jama'a da kashi 49.8 da 48.3, ya ci wakilan zaɓe na jihohi, waɗanda su ke tabbatar da shugaban ƙasa, 312 da 226. Babu taswirar da ta yi wannan. Ma'aikata da yawa, har da 'yan asalin Latin Amurka, sun koma wajensa saboda tsadar rayuwa, kuma ya zo na ɗaya a Dearborn, birnin Larabawa da Musulmi na Mishigan, watanni bayan mutum sama da 100,000 sun ƙi zaɓen Biden a fidda gwanin jihar saboda Gaza. Masu ra'ayin sauyi suna cewa jam'iyyar ta yi watsi da maganar aljihun talaka, masu matsakaicin ra'ayi suna cewa ta yi nisa hagu kan shige da fice da tsaro. A ganina na farko sun fi gaskiya kan tattalin arziki, amma akwai abin da ba su amsa ba: yawancin taurarinsu a mazaɓun da Dimokurat ba ta faɗuwa suke ci. Nasarar Zohran Mamdani a zaɓen magajin garin Niyok a Nuwamba 2025, Musulmi na farko a wannan kujera, da kamfen kan kuɗin haya da motar bas kyauta, ta nuna ƙarfin saƙon a babban birni. Kujeru 40 da ke yanke wa ke riƙe da majalisa a bayan gari da karkara suke.

Gyaran da suke nema an gwada wasu. Birnin Niyok yana ninka ƙaramar gudummawar mazaunin birni sau takwas daga baitulmali, dala 50 ta zama 450, kuma Mamdani ya ci moriyar wannan. Alaska da Mein suna barin mai zaɓe ya jera 'yan takara bisa fifiko. Mishigan ta ƙwace alƙalamin daga hannun 'yan siyasa ta ƙuri'ar jama'a a 2018, ta ba wa hukuma mai mutum 13 da ake zaɓa ta ƙuri'ar sa'a, huɗu daga kowace jam'iyya da biyar marasa jam'iyya, kuma a zaɓen 2022 Dimokurat suka riƙe majalisun jihar biyu karon farko cikin kusan shekara 40. Matsalar ita ce jihar da ta ajiye alƙalami ta bar wa wadda ba ta ajiye ba fili. A 2025 Tekzas ta sake shata taswira ba tare da jiran ƙidaya ba, bisa buƙatar Trump, da nufin ƙara wa Rifablikan kujeru biyar. Kalifoniya ta mayar da martani a watan Nuwamba: masu zaɓe suka amince a jingine taswirar hukumarta mai zaman kanta har zuwa 2030, a yi amfani da wadda za ta iya ƙara wa Dimokurat biyar. Yawancin masu ra'ayin sauyi, waɗanda suka shafe shekaru suna yaƙin kafa irin wannan hukuma, sun goyi bayan jingine ta.